Yadda Za Ki Jira Ubangiji Ba Tare da Kin Sa Masa Rana Ba

A zumuntar matan majami'armu da ke wajen Gada Biyu a nan Jos, roƙon addu'a ba ya canjawa, masu ɗaga hannu ne kawai suke canjawa. Wannan haihuwa take nema. Waccan 'yarta ta haura talatin ba manemi. Wata ɗanta ya gama bautar ƙasa yana zaune a gida, wata garatutin maigidanta ne ya maƙale, wata kuma ciwo ne da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Mu kuwa abin da muka fi iyawa shi ne mu ce, "Ki yi haƙuri, lokacin Allah ya fi kyau," a rufe da addu'a, kowa ta kama gabanta. Maganar gaskiya ce, amma ba ta gaya wa mace abin da za ta yi da kanta in gari ya waye ranar Litinin. Ni uwar zumunta ce, kuma abin da zan rubuta a nan shi nake faɗa wa waɗanda suke biyo ni gida bayan an tashi. Da 'yan'uwana mata nake magana, amma namijin da ya karanta ba zai yi asara ba.

Ki fara da sayen littafin rubutu, irin na 'yan makaranta. Ki buɗe shafin tsakiya. A hannun hagu ki rubuta abin da Allah ya yi alkawari da bakinsa, kowanne da ayarsa a gefe. A hannun dama ki rubuta abin da ranki yake so, da abin da kika gani a mafarki, da abin da wani ya ɗora miki hannu ya ce ya gani. Kada ki yi wa kanki ha'inci. Duk abin da ba ki iya nuna inda aka rubuta shi ba, dama zai tafi.

Yawancin matan da na sa su wannan aiki, a nan hankalinsu yake fara tashi, domin sai su tarar abin da suka shekara suna riƙe Allah da shi yana dama ne. Babu ayar da ta ce kowace mai bi za ta yi aure, ko za ta haihu, ko ɗanta zai sami aikin gwamnati. Abin da yake hagu kuwa ba kaɗan ba ne. Ya ce ba zai yashe ki ba, ba zai rabu da ke ba (Ibraniyawa 13:5). In kin furta zunubanki zai gafarta (1 Yohanna 1:9). In kin rasa hikima kika roƙa zai ba ki, ba gori (Yakubu 1:5). Ya san kina bukatar ci da sha da sutura (Matiyu 6:32). Ba abin da zai raba ki da ƙaunarsa (Romawa 8:38-39). Aikin da ya fara a cikinki zai kammala shi (Filibiyawa 1:6). Rana tana zuwa da zai share hawaye duka (Ru'ya ta Yohanna 21:4). Waɗannan, ki kama su da hannu biyu, ki tuna masa da su dare da rana, alkawari kaya ne kuma shi ya ɗauka.

Na dama fa? Ki ci gaba da roƙo. Ba zunubi ba ne son ɗa ko miji ko aiki. Filibiyawa 4:6 ta ce a kai masa kowace bukata, Yesu kuma ya ba da misalin gwauruwar da ta dami alƙali da zirga-zirga har ya bi mata hakkinta (Luka 18). Ki dame shi. Abin da ba za ki yi ba shi ne ki ce ya saɓa alkawari a kan abin da bai ce ba. Mai roƙo daban, mai bin bashi daban, kuma na ga bangaskiyar mutane da yawa ta karye ne saboda sun je wurin Allah da takardar bashin da ba shi ya sa hannu ba.

Kafin ki sa aya a hagu, ki karanta ta sama da ta ƙasa da ita. Ko Shaiɗan ya jawo Zabura 91 ya karanta wa Yesu a kan ƙololuwar Haikali. Ɗauki Irmiya 29:11, wadda muke mannawa a bayan mota da ƙofar shago: Allah ya san shirin da yake da shi dominmu, na alheri ba na masifa ba. Kowa ya haddace ta. Amma wa ya haddace aya ta 10? Wasiƙa ce Irmiya ya aika wa mutanen da aka kwashe daga Urushalima zuwa bauta a Babila, kuma a aya ta 10 ya gaya musu sai shekara 70 ta cika kafin a komo da su. Ki yi lissafi. Matar da take da shekara 40 ranar da aka karanta wasiƙar, a Babila za a binne ta. Shirin alherin gaskiya ne, Allah ya cika shi, amma jikokinta ne suka taka ƙasar da ƙafarsu. Halin Allah da ke cikin ayar naki ne, ki riƙe. Wa'adin da kika liƙa mata, naki ne ke kaɗai.

Wannan ya kawo ni ga masu sa rana, kuma a nan zan daɗe, domin sun fi komai ɓata mana mutane. A zamanin Irmiya akwai wani annabi, Hananiya. Ya tsaya a Haikali gaban jama'a ya ce nan da shekara 2 za a karya karkiyar sarkin Babila, kowa ya dawo gida. Har ya cire karkiyar itacen da Irmiya ya rataya a wuya ya karya ta don mutane su gani. Da ni da ke muna wurin, Hananiya za mu yi wa tafi, wa zai so ya ji 70 alhali ga mai cewa 2? Irmiya 28 ta ce a wannan shekara, a wata na 7, Hananiya ya mutu, bautar kuwa ta ci gaba.

Jikokinsa suna nan cike da gari. "Kafin Disamba za ki rungumi naki." "Nan da kwana 21 za a kira ki." Daren 31 ga Disamba kuwa kowa shekararsa ce. Ga abin da za ki yi. In wani ya sa miki rana da sunan Ubangiji, kada ki yi masa gardama, kada kuma ki yi masa rashin kunya. Ki koma gida ki rubuta ranar da ya faɗa da ranar da ya sa. In ta wuce ba abin da ya faru, Maimaitawar Shari'a 18:22 ta riga ta yanke hukunci: ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kada ki ji tsoronsa. In ya ce rashin bangaskiyarki ne ya hana, ko ya ƙara miki wata uku, ki ɗauki jakarki. In kuma maganar ta zo da farashi, man shafawa na kuɗi kaza, hankici na kuɗi kaza, "shuka iri" gwargwadon girman matsalar, to ki tuna amsar da Bitrus ya ba Siman a Samariya lokacin da ya miƙo kuɗi don ya sayi baiwar Allah: kuɗinsa su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8:20). Wata ƙanwarmu ta sayar da keken ɗinkinta ta kai irin wannan wuri. Da wa'adin ya wuce ba ciki, ba keke, sai ta daina zuwa sujada gaba ɗaya. Da na je gidanta ta ce mini, "Mama, Allah ya yaudare ni." Na ce, "'Yata, nuna mini inda ya faɗa." Ta yi shiru. Ba don in ci ta da magana na tambaya ba. So nake fushinta ya koma kan mai shi.

Ki duba Ibrahim. Yana da shekara 75 ya bar Haran da alkawari, yana da 100 aka haifi Ishaku. A cikin shekara 25 ɗin nan, sai da ya kai 99 Allah ya ce masa baɗi war haka. Shekara 24 yana da alkawari ba rana. In wanda ake kira aminin Allah bai sami kwanan wata ba sai a shekarar ƙarshe, ban ga dalilin da wani zai ba ki naki a ganin farko ba. Almajirai ma da suka tambayi Yesu lokaci, cewa ya yi ba nasu ba ne su sani (Ayyukan Manzanni 1:7).

Sai addu'a. Ki daina yi wa Allah kara. Mun taso an koya mana cewa mai bi ba ta gunaguni, sai mace ta durƙusa ranta a dagule tana ta "na gode, na gode," ta tashi da dutsen da ta durƙusa da shi. Buɗe Zabura 13. Aya 6 ce kawai, amma sau huɗu Dawuda ya tambayi Allah har yaushe. Zabura 88 ma ba ta ƙare da yabo ba, cikin duhu ta ƙare, kuma Ruhu Mai Tsarki bai cire ta daga Littafin ba. Marta ta tari Yesu a hanya, ɗan'uwanta ya kwana 4 a kabari, ta ce masa da yana nan da bai mutu ba. Ta kuwa san an aika masa, mu kuma mun san ya ƙara kwana 2 a inda yake bayan ya ji. Bai tsawata mata ba. Gunagunin da Allah ya ƙi shi ne na bayan ido, wanda ake yi da maƙwabta. Wanda aka kai gabansa, addu'a ce.

Yadda nake ba da shawara: ki ware lokaci ɗaya a rana don wannan magana, ko da asuba kafin yara su tashi, ko da dare bayan an kwashe kwanuka. Ki karanta Zabura 13 da murya, ki sa damuwarki a ciki da sunanta. Ki yi kuka in ya zo. Sa'an nan ki karanta abu ɗaya daga shafin hagu, ki rufe littafin, ki tashi. In tunanin ya dawo da rana kina tsakiyar aiki, ki ce masa sai lokacinsa. Hannatu ta yi kukan rashin haihuwa a Shilo har Eli firist ya ɗauka ta bugu. Amma 1 Sama'ila 1:18 ta ce da ta tashi ta je ta ci abinci, fuskarta kuma ta saki. Ba ta da ciki a lokacin. Abincin nan da ta ci, ni a wurina bangaskiya ce.

Azumi yana da kyau, amma ba yajin cin abinci ba ne da za a tilasta wa Allah ya sa hannu. Mai gyambon ciki, mai ciwon suga, mai shayarwa, mai shan magani kullum, ki yi magana da likita kafin ki bi sahun masu kwana bakwai.

To, Litinin ɗin fa? Koma wasiƙar Irmiya, aya 5 zuwa 7. Mutanen da suke zaune a kan ƙunshin kayansu suna jiran a ce a tashi, cewa aka yi su gina gidaje, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar garin da aka kai su. Wato kada su jingine rayuwa sai ranar da jira ya ƙare. Mu mutanen Jos mun ga wannan da idonmu. Da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a 2002, an yi ta jin za a sake ginata. Waɗanda suka share hawaye suka kafa tebur a bakin titi, ko suka nemi rumfa a wata kasuwa, da shi suka yi wa 'ya'yansu makaranta. Yakubu 5:7 ya ce mu dubi manomi yadda yake jiran ruwan fari da na ƙarshe. Manomin dankali a Bokkos bai da iko a kan hadari, amma kafin ruwan Afrilu ya sauka ya riga ya yi kunya, ya tanadi iri da taki. Wanda ya zauna sai ya ga ruwa sa'an nan ya nemi fartanya, damina ta wuce shi.

Saboda haka mai neman haihuwa, in an shekara ana tare ba ciki, ku je asibiti, in shekarunki sun haura 35 kada ma ki jira shekarar ta cika. Ku je ku biyu. Na nanata, ku biyu. Matsalar takan kasance daga wajen namiji kamar yadda takan kasance daga wajen mace, gwajin namiji kuma ya fi sauƙi da araha. Ga asibitin koyarwa a Lamingo, ga asibitin Jankwano a cikin gari. In maigida ya ƙi, kada ki yi masa gori, ki sami Baba Fasto ko dattijon da yake jin nauyinsa su yi magana ta maza. Mai ɗa a gida da takardar digiri, ya ci gaba da neman aikin, amma ya fita ya koyi gyaran waya ko haɗa sola ko kiwon kaji, kada azahar ta same shi a kan katifa. Mai bin garatuti, a yi hoton kowace takarda a ajiye a gida, a rubuta ranar da aka je da abin da aka ce, a shiga ƙungiyar 'yan fansho. Yusufu yana kurkuku bai naɗe hannu ba, shi yake lura da sauran 'yan sarƙa, kuma da ya sami dama ya ce wa mai shayarwar Fir'auna ya tuna da shi. Mutumin ya manta da shi shekara 2 cur. Roƙon bai zama rashin bangaskiya ba don an manta.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce, ina iyakar ƙoƙari, ina farkon riga Allah? Littafi ya ba mu mutum uku. Saratu ta gaji bayan shekara 10 a Kan'ana, ta miƙa wa Ibrahim baiwarta Hajaratu. Saul ya jira Sama'ila kwana 7 a Gilgal, ya ga sojoji suna watsewa, ya miƙa hadayar da ba aikinsa ba, yana gamawa sai ga Sama'ila. Dawuda kuwa, an riga an shafe shi sarki, ya sami Saul a kogo a En-gedi, mutanensa suna raɗa masa cewa ga ranar da Ubangiji ya faɗa, ya yanki gefen rigarsa kawai, har wannan ma zuciyarsa ta dame shi. Ki lura, mutanensa ne suka kawo masa gajeriyar hanya, kuma da sunan Allah suka kawo ta.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi. Hanyar nan, sai na yi ƙarya kafin ta yiwu? Zan iya faɗinta a gaban dattawan ikkilisiya ba tare da na rage wani abu ba? Wa zai biya kuɗinta? A labarin Saratu, Hajaratu ce ta biya, ita da ɗanta a jeji da salkar ruwa. Sayen gurbin aiki, wani yaron da ba shi da kowa ne ya biya. Tarewa gidan mijin wata, ita da 'ya'yanta ne suka biya. Zuwa wurin boka da dare a zo sujada da safe, wannan ba sai na faɗa ba. Ɗaura tsumma a ciki a tafi wani gari a dawo da jaririn da aka saya, akwai wata yarinya a can da aka raba da ɗanta, kuma laifi ne a gaban hukuma. Amma karɓar maraya ta hannun hukuma da kotu, da rana tsaka kowa ya sani, wannan ba riga Allah ba ne. Wataƙila ma ita ce amsar.

Game da mutane, ba zan ja ba. Kowace Hannatu tana da Feninnarta, kishiyar nan da take tsokanarta a kan rashin haihuwa, wani lokaci uwar miji, wani lokaci wadda kuke zama benci ɗaya. Ki shirya amsa guda ki riƙa maimaita ta: "Muna gaban Ubangiji, Mama, ki sa mu a addu'a." Ba ƙari. Ki zaɓi mutum biyu masu riƙe baki waɗanda za su san zancen duka, sauran su ji gaisuwa. Bikin 'yar'uwa ko miƙa jaririnta, ki je in kina iyawa, in ranar ta yi miki nauyi ki aika da gudummawa ki je barka daga baya. In hotunan Facebook suna hana ki barci, ki ajiye wayar a falo. Mu kuma masu ta'aziyya, mu daina ce wa mai jira ta binciki kanta ko akwai zunubi. Yesu ya rufe wannan ƙofa a Yohanna 9:3, da ya ce ba zunubin makahon ko na iyayensa ne ya sa aka haife shi makaho ba. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana 7 da suka zauna shiru, bakin da suka buɗe ne ya jawo musu fushin Allah.

A shafukan bayan littafin nan naki, ki riƙa rubuta abin da Allah ya yi da kwanan wata, komai ƙanƙantarsa: kuɗin haya da ya fito, zazzaɓin da ya sauka. Sama'ila dutse ya kafa ya kira shi Ebenezer, wato dutsen taimako. Ranar da zuciya ta ce miki bai taɓa yi miki komai ba, rubutun hannunki zai ƙaryata ta.

Akwai maganar da ba a so a ji, amma in na ɓoye ta na zama Hananiya. Mai yiwuwa abin da ke shafin dama ba zai zo ba. Ibraniyawa 11 ta jera manyan masu bangaskiya, sa'an nan a aya 13 da 39 ta ce sun mutu ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, daga nesa suka hango shi. Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa ƙayar da ke jikinsa, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Dawuda ya so gina Haikali aka ce ba shi ba, sai ya tara duwatsu da ƙarfe da katakon al'ul ya bar wa Sulemanu. Akwai wata tsohuwa a unguwarmu da ba ta taɓa haihuwa ba. Yaran da suka ci tuwon accarta suka yi makaranta daga ɗakinta, yau wasu suna Abuja wasu suna Kaduna, duk Kirsimeti ƙofarta ba ta rufuwa. Ban ce wannan ya share mata abin da ta rasa ba, ita ma ba ta taɓa cewa haka ba. Har yanzu in ana miƙa jariri takan sunkuyar da kai. Amma ban taɓa jin ta ce Allah ya ci amanarta ba, kuma ita ce take fara isowa addu'ar safe a cikin sanyin Janairu.

In kuwa jiran ya kai ki inda barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, kin daina wanka da fita, ko kin fara tunanin gara mutuwa, wannan ya wuce a ce ki ƙara addu'a. Iliya ya kai nan a ƙarƙashin wani itace a jeji, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa, abin da mala'ika ya fara kawo masa kuwa gurasa ce da ruwa, ya bar shi ya sake kwanciya (1 Sarakuna 19). Ki kira ɗaya daga cikin mutum biyun nan a ranar, ba gobe ba. Ki gaya mata yadda abin yake ba ragi, ki ce ta zo ta kwana da ke, da safe ta raka ki asibiti ku ga likita.